Manhajojin kasuwanci da 'yan kwangilar aikin lantarki a yankin Bakalori

A garuruwan Talata Mafara da Bakura da Maradun na jihar Zamfara, kamar sauran sassan arewacin Najeriya, masu sana'ar haɗa wutar lantarki sun saba gudanar da harkokinsu ne da littafin rubutu da wayar salula, da kuma abin da suka riƙe a ka.

Wannan tsari kan wadatar muddin mutum yana aiki ne shi kaɗai, ko da yaro ɗaya ko biyu.

Amma da zarar ayyuka sun yi yawa, aka ce yau ana wayarin ɗin gida a Mafara, gobe ana kafa sola a wata rijiyar burtsatse a Bakura, sai lissafi ya fara kuɓucewa. Sau da yawa ɗan kwangila kan kammala aiki, a yaba masa, amma bai san ko riba ya ci ko kuwa uwar kuɗi ya taɓa ba.

Domin toshe wannan kafa ne aka ƙirƙiro manhajojin kwamfuta na gudanar da kamfanonin kwangila. Abin dubawa a nan shi ne me suke yi, kuma wanne daga cikinsu ya dace da yankin da wuta da layin sadarwa da farashin kaya duk ba su da tabbas.

Mece ce manhajar gudanar da kwangila?

Manhaja ce da ake sa wa a kwamfuta ko a wayar salula, wadda ke tattara duk bayanan aiki wuri guda, tun daga ranar da mai aiki ya kira har zuwa ranar da ya biya cikon kuɗi.

Galibin irin waɗannan manhajoji suna yin ayyuka shida ne. Suna fitar da ƙiyasin kuɗin aiki, suna tsara wanda zai je wane aiki da kuma yaushe, suna ƙidayar kayan da ke sito, suna rubuta takardar neman biya da rasit, suna bin sawun bashi, sannan suna nuna riba ko hasarar kowane aiki daban.

Ya kamata a bambanta su da manhajojin zane irin su AutoCAD, wadda aka fara fitarwa a 1982, da injiniyoyi ke amfani da ita wajen zana hanyar da wayoyi za su bi a cikin gini. Waɗancan na aikin fasaha ne. Waɗannan kuwa na kuɗi ne da kaya da mutane.

Babu ɗaya daga cikin ayyukan nan shida da yake sabo. Duk wani tsohon ɗan kwangila yana yin su da biro da takarda. Bambancin kawai shi ne manhaja ba ta mantuwa, ba ta kuskuren tarawa, kuma idan aka sauya farashin abu ɗaya, nan take za ta gyara duk lissafin da ya rataya a kansa.

Yanayin aikin lantarki a yankin

Ƙananan hukumomin uku suna da abu guda da ya haɗa su, wato madatsar ruwa ta Bakalori da ke kan kogin Sakkwato, wadda kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya fara ginawa a 1974, aka kuma kammala ta a 1978.

An tsara shirin noman rani na Bakalori ne domin ya shayar da kadada kimanin 23,000, kuma mafi yawan wannan fili an yi niyyar ba shi ruwa ne da na'urorin feshi masu dogaro da famfuna da wutar lantarki. An kuma sanya wa madatsar injinan samar da wuta masu ƙarfin megawat 3.

Ɓangaren feshin bai ɗore ba. Rashin tsayayyiyar wuta da rashin kula da na'urori na daga cikin abubuwan da suka durƙusar da shi, har ta kai shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya sanya gyaran Bakalori cikin manyan ayyukansa.

Darasin da ke cikin wannan tarihi ga mai sana'ar lantarki shi ne, kafa na'ura ba shi ne ƙarshen aiki ba. Sanin ranar da aka kafa ta, da wanda ya kafa, da lokacin da ya kamata a sake duba ta, shi ke sa ta daɗe.

A yau kamfanin rarraba wutar lantarki na Kaduna ne ke kai wuta ga jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara. Yana ɗaya daga cikin kamfanoni 11 da aka ware daga PHCN, wanda shi kuma ya gaji NEPA a 2005.

Sai dai wutar ba ta isa, kuma takan ɗauke na tsawon lokaci. A watan Oktoban 2024, bayan da aka lalata layin da ya tashi daga Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin arewa sun shafe kwanaki a cikin duhu.

Janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma ya sa janareto ya fi ƙarfin gidaje da shaguna da dama. Hakan ya tura jama'a ga sola da inbata da batura, ya kuma sa wasu manoman rani suka fara sauya injinan ban-ruwa masu shan mai da famfunan sola.

Ke nan aikin ɗan kwangilar lantarki a wannan yanki ya kasu kashi-kashi. Akwai wayarin ɗin gidaje da shaguna da masallatai, akwai sola a rijiyoyi da asibitoci da makarantu, akwai injinan casar shinkafa da na niƙa, sannan akwai ayyukan gwamnati na kafa falwayoyi da taransifoma da fitilun kan titi.

Kowane kashi yana da nasa irin lissafin. Wannan ne ya sa littafi guda ba ya iya ɗaukar su duka.

Ƙiyasi: inda ake cin riba ko a faɗi

Masu sana'ar sun san cewa ba a ranar biya ake yin hasara ba, tun ranar da aka yanke farashi ake yin ta.

Ƙiyasin wayarin ɗin gida yana buƙatar a ƙirga makunnai da soket-soket da mazaunin ƙwai da fanka, a auna tsawon fayif, a kuma san ƙunshin waya nawa za a ci na kowane kauri. A al'ada waya mai milimita 1.5 ta fitilu ce, mai 2.5 ta soket, mai 4 zuwa sama kuma ta kayan da ke jan wuta sosai irin su na'urar sanyaya ɗaki.

Ita kuwa waya da jan ƙarfe ake yin ta, kuma farashinsa a kasuwar duniya ake yanke shi, da dala. Ko da kamfanonin cikin gida ne suka sarrafa ta, kamar Nocaco na Kaduna ko Cutix na Nnewi, farashinta yana bin darajar naira. Haka nan faifan sola da batura da inbata, waɗanda akasari daga ƙasar Sin ake shigo da su.

Kafin watan Yunin 2023 ana canjin dala a hukumance kan kimanin naira 460. Ya zuwa watan Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. A irin wannan lokaci, farashin da aka bayar yau ba lallai ne ya kai mako mai zuwa ba.

A ɗauki misali. Ɗan kwangila ya karɓi aikin gida a kan naira miliyan 2. Ya ware miliyan 1 da dubu 400 na kaya, dubu 300 na ma'aikata, dubu 100 na sufuri da sauran ƙananan kashe-kashe, yana sa ran ribar dubu 200.

Idan mai gidan ya yi jinkirin ba da kafin alƙalami, kafin a je Kano ko Gusau sayayya kaya suka tashi da kashi 15 cikin 100, to an sami ƙarin naira dubu 210 ke nan. Riba ta tafi, har ma da cikon dubu 10 daga aljihun ɗan kwangila.

Tunda ya riga ya karɓi kuɗi kuwa, babu ja da baya, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A nan ne wasu kan faɗa wa jarabar sayen waya mara inganci don su rufe gibin, abin da ke iya jawo gobara daga baya.

Manhaja tana taimakawa ta hanyoyi uku. Tana ajiye jerin farashin kaya tare da ranar da aka sabunta shi, tana rubuta wa'adin ƙiyasi a jikin takarda, misali kwana bakwai, sannan tana raba kuɗin kaya da kuɗin aiki ta yadda mai gida zai ga ainihin abin da ya tashi.

Tana kuma gyara wani kuskure da ya zama ruwan dare. Wanda ya kashe naira miliyan 1 ya ɗora kashi 20 cikin 100 a kai, ya karɓi miliyan 1 da dubu 200, yakan ɗauka ribarsa kashi 20 ce. Alhali idan aka auna da kuɗin da ya karɓa, ba ta kai kashi 17 ba, kuma daga ciki ne zai biya hayar shago da gyaran babur da katin waya.

Wani abu kuma shi ne ƙarin aiki. Ana cikin aiki mai gida kan ce a ƙara soket a nan, a ja waya zuwa shagon ƙofar gida. Idan ba a rubuta ba a lokacin, ranar biya sai gardama. Manhaja tana ba da damar a shigar da ƙarin nan take, a tura wa mai aikin ta waya ya amince.

Sito da ma'aikata

Kayan lantarki ƙanana ne masu tsada, kuma suna da saurin shiga kasuwa. Rabin ƙunshin waya da ya rage a wurin aiki kuɗi ne, haka ma 'yan makunnan da suka yi saura.

A tsarin manhaja, duk abin da ya fita daga sito ana rubuta shi da sunan aikin da aka kai shi da sunan wanda ya ɗauka. Abin da ya rage kuma a dawo da shi a rubuta. Bayan ayyuka biyar ko goma, maigidan zai iya kwatanta abin da ya ƙiyasta da abin da aka ci a zahiri.

Wannan yana kare ɓangarorin biyu. Yana hana salwantar kaya, yana kuma wanke yaron shago daga zargin da ba shi da tushe.

Ga kayan sola, akwai ƙarin fa'ida. Batura da inbata suna zuwa da lamba da wa'adin garanti. Idan batir ya mutu bayan wata takwas, tambayar farko da dillali zai yi ita ce ina rasit, kuma yaushe aka saya. Wanda ya ajiye lambar da hoton rasit a manhaja ba zai yi ta laluben tsofaffin takardu ba.

Ta fuskar ma'aikata kuwa, yawanci ana biyansu ne kullum ko kuma jinga, ban da masu koyon sana'a da ke ƙarƙashin maigida. Rubuta kwanakin kowa da kuɗin da ya karɓa a tsakiyar aiki yana rage saɓani, yana kuma nuna ainihin abin da aikin hannu ya ci.

Yankin ba ya rasa matasan da za su iya riƙe irin wannan lissafi. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, da jami'ar jihar da aka kafa a garin a 2018, da kuma kwalejin aikin gona a Bakura.

Bashi da biyan kuɗi

Abin da ya fi kashe ƙananan kamfanonin kwangila ba rashin aiki ba ne, maƙalewar kuɗi ne a hannun mutane.

A yankin da noma ne ginshiƙin tattalin arziki, biyan kuɗi yana bin kaka. Mutum kan ce a yi masa aiki yanzu, ya cika idan ya sayar da shinkafa. Ayyukan gwamnati kuma ana biyansu ne kashi-kashi bayan an duba aiki, sannan a riƙe wani kaso, sau da yawa kashi 5 ko 10 cikin 100, har sai wa'adin gwaji ya cika.

Shi kansa ɗan kwangilar yakan ɗauko kaya bashi daga dillalai. Ke nan yana bi, ana binsa.

Manhaja tana jera masu bashi gwargwadon daɗewar bashin, wato na wata ɗaya, na wata biyu, na wata uku zuwa sama. Tana kuma nuna kuɗin da za su shigo da waɗanda za su fita a makonni masu zuwa, domin mutum ya san ko zai iya karɓar sabon aiki ba tare da ya ci kafin alƙalamin wani ya kammala aikin wani ba.

Tun bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023, biya ta hanyar tura kuɗi da na'urar POS ya ƙaru ƙwarai, ta bankuna da kamfanoni irin su Moniepoint da OPay. Wannan ya sauƙaƙa ajiye shaida, amma da sharaɗin a raba asusun kamfani da na cefanen gida. Idan aka haɗa su, babu manhajar da za ta iya warware lissafin.

Rubuta bashi dai ba baƙon abu ba ne ga al'ummar yankin. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Haka nan mai fitar da zakkar dukiyar kasuwanci, wadda take kashi 2.5 cikin 100, yana buƙatar sanin kuɗin da ke hannunsa da ƙimar hajarsa da basussukansa, kuma waɗannan su ne alkaluman da manhaja ke fitarwa.

Takardu da hukumomi

Ga wanda ke son ya wuce aikin gidaje ya shiga manyan kwangiloli, takardu ne tsani.

Matakin farko shi ne rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC, da samun lambar biyan haraji. Sai kuma takardar shaidar ƙwarewa daga hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa alhakin tantance masu haɗa wuta da duba ingancin aikin lantarki. Injiniyoyi da masu fasaha kuma suna rajista da majalisar COREN. Akwai kuma ƙungiyar 'yan kwangilar lantarki masu lasisi ta ƙasa, wato LECAN.

Dokar sayayyar gwamnatin tarayya ta 2007 ta sa ma'aikatu da hukumomi, ciki har da hukumar samar da wuta a karkara ta REA, suna neman jerin takardu kafin su saurari mai neman kwangila. Daga ciki akwai shaidar biyan haraji ta shekara uku, da rahoton kuɗi da akanta ya tantance, da shaidar ayyukan da kamfani ya yi a baya, da takardun hukumomin fansho da asusun ITF da na NSITF.

Kusan dukkan waɗannan takardu suna da ranar ƙarewa. Manhaja mai kyau tana tunatarwa kafin ranar ta zo. Kuma akanta ba zai iya tantance lissafin da ba a rubuta ba, don haka wanda bai fara ajiye bayanai bana ba, ba zai sami rahoton shekara uku ba sai ya jira.

A ɓangaren haraji, an ɗaga harajin VAT daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100 a watan Fabrairun 2020. Hukumomin gwamnati da manyan kamfanoni kuma suna cire wani kaso na haraji tun daga tushe kafin su biya ɗan kwangila. Wannan kaso ana lissafa masa shi cikin harajinsa, amma sai idan yana da shaidar an cire.

A watan Yunin 2025 shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan sababbin dokokin haraji, waɗanda aka tsayar da watan Janairun 2026 a matsayin lokacin fara aiki da su. Dokokin sun yi sassauci ga ƙananan kamfanoni, sai dai kamfani ba zai iya nuna cewa shi ƙarami ba ne idan ba shi da lissafin cinikinsa na shekara.

A shekarar ta 2025 ne kuma hukumar tara haraji ta tarayya ta soma tsarin takardar neman biya ta intanet, inda ta fara da manyan kamfanoni. Alamu ke nan na inda aka dosa.

Ire-iren manhajojin da ake da su

Za a iya kasa su gida huɗu.

Na farko su ne shafukan lissafi irin su Excel na kamfanin Microsoft, wanda ya fito a 1985, da Google Sheets. Suna da arha, akwai masu koyar da su a kusan kowace cibiyar kwamfuta, kuma Excel yana aiki ba tare da intanet ba. Rauninsu shi ne mutum ne zai tsara komai da kansa, kuma kuskure ɗaya na iya ɓata shafi duka.

Na biyu su ne manhajojin akanta, kamar QuickBooks na Amurka, da Sage 50 da aka fi sani a da da Peachtree, da Tally da Zoho Books na Indiya. Suna da ƙarfi wajen rasit da bashi da rahoton kuɗi, kuma akantoci a Najeriya sun san su.

Na uku su ne waɗanda aka ƙera musamman domin masu aikin hannu, irin su ServiceTitan na Amurka, da Jobber na Kanada, da Simpro na Ostareliya. Girman wannan kasuwa ya fito fili a watan Disambar 2024, lokacin da ServiceTitan ya shiga kasuwar hannayen jari ta Nasdaq. Mutum biyun da suka kafa shi 'ya'yan 'yan kwangila ne, waɗanda suka ga yadda iyayensu ke fama da takardu.

Sai dai an gina waɗannan ne a kan yanayin ƙasashensu, inda kowane gida ke da adireshi, ma'aikaci ke yawo da motar kamfani, ake biyansa da awa, mai aiki kuma ya biya da kati. Kaɗan ne daga cikin wannan ya yi daidai da Maradun ko Bakura.

Na huɗu su ne manyan manhajoji masu haɗa komai, kamar Odoo na ƙasar Beljiyam, wanda ke da nau'in da ake samu kyauta. Suna dacewa da kamfanin da ya girma, amma suna buƙatar ƙwararren da zai kafa su ya kuma riƙa kula da su.

Ban da waɗannan akwai ƙananan manhajojin waya na rubuta bashi da fitar da rasit. Suna da sauƙi, amma kamfanonin da ke yin su kan sauya tsari ko su rufe, don haka wajibi ne mutum ya tabbatar zai iya kwashe bayanansa duk lokacin da ya so.

Matsalolin da suka keɓanci yankin

Babbar matsala ita ce sadarwa. Yawancin sababbin manhajoji suna ajiye bayanai ne a intanet. A watan Satumbar 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanoni su rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, kuma rufewar ta ɗauki makonni a wasu wurare, watanni a wasu.

Duk wanda lissafinsa ke intanet kaɗai a lokacin, to ya rabu da shi ke nan har sai an buɗe. Saboda haka sharaɗin farko ga ɗan kwangilar wannan yanki shi ne manhajar ta yi aiki ko babu layi, ta aika bayanan daga baya.

Na biyu shi ne kuɗin haya. Manhajojin waje ana biyansu ne wata-wata, sau da yawa da dala, kuma a kan kowane mai amfani. Hayar dala 30, alal misali, naira 13,800 ce a canjin 460, amma ta koma naira 45,000 a canjin 1,500, ba tare da kamfanin ya ƙara ko kwabo ba.

Na uku shi ne harshe. Da Turanci aka rubuta manhajojin, alhali ƙwararrun masu aikin hannu da dama a hannun maigida suka koyi sana'a, ba a aji ba. Mafita mafi sauƙi ita ce a rubuta sunayen kaya yadda ake kiran su a shago, a kuma bar wa mutum ɗaya alhakin shigar da bayanai kowace yamma.

Na huɗu shi ne tsaro. Manhajar ɗan kwangila tana ɗauke da sunayen mutane da lambobin wayarsu, da hotunan cikin gidajensu, da adadin kuɗin da suka kashe. A yankin da ake fama da satar mutane don kuɗin fansa, faɗawar irin wannan waya hannun ɓata-gari ba ƙaramin haɗari ba ne.

Don haka ya zama tilas a kulle waya da lambar sirri, a taƙaita abin da kowane ma'aikaci zai iya gani, a kuma cire duk wanda ya bar aiki. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta ɗora wa mai riƙe bayanan wasu alhakin tsare su.

Rashin tsaron yana kuma shiga cikin ƙiyasi. Aikin da ke ƙauyen da ba a iya zuwa sai da rana tsaka, ko hanyar da sai an yi zagaye, yana cin kwanaki da kuɗin mota fiye da na cikin gari. Wanda ya rubuta abin da irin wannan aiki ya ci a baya ne kaɗai zai iya yanke farashin gaskiya a gaba.

Daga ina za a fara?

Girman kamfani ne ke nuna abin da ya dace da shi.

Mai aiki da yara biyu ko uku yana iya wadatuwa da shafukan Excel guda uku, wato na farashin kaya, na ayyuka, da na bashi, tare da asusun banki na sana'a kaɗai. Wanda ke da sito da ayyuka da yawa a lokaci guda, ko yake neman kwangilar gwamnati, shi ne ke buƙatar manhajar akanta. Manyan manhajoji kuwa sai kamfani ya kai ga ɗaukar ma'aikacin ofis na dindindin.

Ko wacce aka zaɓa, ana so a gwada ta da aiki ɗaya tukuna daga farko har ƙarshe, a ci gaba da riƙe littafi a gefe, a kuma riƙa ajiye kwafin bayanai a wani wuri daban kowane mako.

Akwai kuma abubuwan da manhaja ba ta yi. Ba ta ƙara wa waya kauri, ba ta gwada ko an kafa wayar ƙasa yadda ya kamata, kuma ba ta tilasta wa mai bashi ya biya. Abin da aka shigar mata shi take mayarwa, idan ƙarya ce ƙarya, idan gaskiya ce gaskiya.

Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa kasuwannin wutarsu da hukumomin da za su kula da su, kuma ayyukan sola na ci gaba da bazuwa a karkara. Ko kamfanonin Talata Mafara da Bakura da Maradun ne za su sami waɗannan ayyuka, ko kuwa za a ci gaba da kawo 'yan kwangila daga Kaduna da Abuja su kuma su tsaya a matsayin 'yan jinga, zai dogara ne a kan ƙwarewarsu, da kuma ko suna da rubutaccen lissafin da za su nuna.